Lansir

lansir (suna, namiji)

1. Ɗan ganye mai laushi da ake ci ɗanye, mai yaji-yaji da ke hawa hanci. Dangin kabeji ne, kuma ɗan'uwan jarjir da mutanen Sudan da Chadi ke ci da gasasshen nama. Amfanin gona ne na lokacin sanyi. A Maiduguri daga Nuwamba zuwa Fabrairu yake kyau. Da zafin Afrilu ya kama sai ya yi fure, ganyen ya yi ɗaci.

Ba ya neman fili, shi ya sa ya dace da unguwa irin Limanti, inda gida ke manne da gida. Tsohon baho ya isa: a huda gindinsa, a zuba ƙasa mai yashi da busasshen kashin awaki, a watsa iri sama-sama, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Kwana 3 ya tsiro, mako 2 zuwa 3 a yanka. Kaji ne babbar matsalarsa, sai a ɗora bahon a kan katanga.

2. Kwaɗon ganyen da ƙuli-ƙuli, tumatir da albasa. *Iya, a ƙara mini lansir a kan shinkafar.*