Gani Ya Kori Ji: Tarihin Hoton Nan-Take

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Gaskiya ne, amma ido ba ya ajiya. Abin da mutum ya gani yau, in an kwana biyu sai ya fara dushewa a zuciyarsa, in ya rasu kuwa ya tafi da shi kabari. Saboda haka tun zamanin da masu hikima su ke neman dabarar da za su kama abin da ido ya gani su ajiye, kamar yadda alƙalami ya ke kama magana. Wannan dabara ita ce hoto. Ina so in ba ku tarihinta a taƙaice, musamman irin hoton nan da a ke ɗauka ya fito nan take, sa'an nan in ba ku labarin wata 'yar tafiya da na yi daga Talata Mafara zuwa Kano ni kaɗai da irin wannan kyamara, da abin da na tarar da na komo gida.

Asalin hoto

Kowa ya taɓa kwanciya da rana tsaka cikin ɗaki mai duhu, ƙofa a rufe, ya ga haske ya shigo ta wata 'yar huda, inuwar masu wucewa kuwa tana gilmawa a jikin bango, kai ƙasa ƙafa sama. Wannan shi ne tushen kyamara. Wani shehun malami Musulmi, Ibn Haisam, wanda aka haifa a Basra ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya yi bayanin wannan al'amari cikin littafinsa Kitabul Manazir. Ya nuna cewa haske ne ya ke tasowa daga jikin abu ya shiga ido, kuma a miƙe ya ke tafiya. Abin da ya rage shi ne yadda za a sa siffar nan ta zauna, kada ta gushe.

Aka yi shekara kusan ɗari takwas kafin a gane wannan. A 1839 wani mutumin Faransa, Daguerre, ya bayyana wa jama'a a birnin Faris yadda a ke shafa wa farantin ƙarfe wani magani wanda haske ya ke sāke masa kama, siffa ta zauna a kai. Cikin hotunansa na farko akwai na wani babban titi na Faris. Titin cike ya ke da mutane da kekunan doki, amma a hoton sai ya fito wayam, don a lokacin sai an bar idon kyamara a buɗe mintoci da yawa, duk abin da ya motsa ba ya kamuwa. Mutum guda ya fito sosai, wani da ya tsaya ana goge masa takalmi. A 1888 kuma George Eastman na Amurka ya fito da ƙaramar kyamara mai suna Kodak, wadda kowa zai iya riƙewa a hannu. Duk da haka, in ka ɗauki hoto sai ka aika da fim a wanke a ɗakin duhu, ka yi ta jira.

Yadda aka sami na nan-take

A 1943 wani masani Ba'amurke, Edwin Land, mai kamfanin Polaroid, ya ɗauki 'yarsa hoto a garin Santa Fe. Yarinyar tana da shekara 3. Sai ta tambaye shi don me ba za ta ga hoton yanzu ba. Maimakon ya yi dariya ya wuce, sai ya shiga tunani. A watan Fabrairu na 1947 ya nuna wa taron masana a New York kyamarar da ta ke wanke hoto da kanta cikin minti ɗaya. Ran 26 ga Nuwamba 1948 aka fara sayar da ita a wani kanti a Boston, aka saye duk waɗanda aka kawo a ranar. Hoton farko ruwan ƙasa ya ke fitowa. Mai launi ya zo a 1963. A 1972 suka fito da wadda ta ke tofo takardar da kanta, kana kallo siffa tana bayyana a tafin hannunka.

Ga yadda abin ya ke aiki. Kowace takarda tana da wata 'yar jaka ta magani ɓoye a gindinta, shi ya sa farin gefen ƙasa ya fi sauran faɗi. In ka danna, haske ya shiga ya taɓa takardar, sai ta fito ta tsakanin waɗansu ƙarafa biyu masu juyawa. Su ne su ke matse jakar ta fashe, maganin ya bazu cikin takardar ya wanke hoton. Watau an ɗauke ɗakin duhu an sa shi cikin takarda. Amma fa ku lura, hoton da ya fito shi ke nan tilo. Ba wani fim da ya rage wanda za a koma a sāke wanke wani. In ya ɓace ya ɓace.

Da hoton kwamfuta da na wayar hannu suka bazu, sai kasuwar Polaroid ta faɗi. Kamfanin ya karye a 2001, a 2008 kuma ya ba da sanarwar daina yin takardar. Waɗansu masu sha'awa suka karɓi masana'antarsa ta garin Enschede a ƙasar Holan, suka koma yi, takardarsu ta fito a 2010. Kamfanin Fujifilm na Japan kuma tun 1998 ya ke yin tasa mai suna Instax. Irin wannan ce na ara wurin wani abokina, da kwali ɗaya na takarda guda 10.

Kwana uku a Kano

A watan Disamba na 2023 na sami hutun kwana uku. Na shiga mota a tashar Mafara, muka bi ta Maru da Bunguɗu da Gusau da Tsafe, muka isa Kano da la'asar. Mai waya ya kan ɗauki hoto ɗari bai damu ba. Mai takarda 10 kuwa tilas ya tsaya ya tambayi kansa, me ya cancanci a ajiye?

Da sassafe na hau Dutsen Dala, inda tarihin Kano ya ce Barbushe ya zauna kafin zuwan Bagauda. Daga kan dutsen nan ne Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zana birnin da hannu a 1851, don ba shi da kyamara. Na yi gaggawa na danna. Hazo ya rufe gari, takarda ta fito fari fat, ta farko ta tafi a banza. Na zauna har rana ta ɗaga, na juya mata baya, na sāke. Wannan karon sai ga birni ya fito, rufin kwano iyakar ganin ido.

Ta uku na ba ganuwa. Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Yanzu a wurare da yawa ta zama tudun ƙasa, a waɗansu wuraren ma gidaje sun hau kanta. Ta huɗu na ɗauki Ƙofar Na'isa. Wadda na ɗauka sabuwa ce, gama an rushe ta asali a 2010 don faɗaɗa titi. Mai son ganin tsohuwar sai ya nemi wanda ya ɗauke ta hoto kafin wannan shekara.

Kashegari na ɗauki Babban Masallaci, mai koren tulluwa da hasumiya biyu, wanda aka buɗe a 1951 zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Kafin shi akwai masallacin ƙasa mai wani dogon soro da a ke hangowa daga nesa. An rushe shi, ba inda za ka gan shi yau sai a tsofaffin hotuna. Daga nan na ɗauki Ƙofar Kudu ta Gidan Rumfa, fadar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Sai Gidan Makama, wanda aka mai da shi gidan ajiye kayan tarihi. A can na ga hotunan Kano na farkon zuwan Turawa, bayan sun ci birnin a 1903.

A marinar Ƙofar Mata na yi sallama da wani dattijo marini, na nemi izni, don bai kamata a ɗauki mutum hoto bai yarda ba. Ya ce, "Malam, ɗauka, amma fa ka nuna mini." Da ya ga kansa yana fitowa sannu sannu a takarda, da hannuwansa shuɗi, sai ya yi shiru yana kallo. Ya ce masu waya sun ɗauke shi ba adadi, ba wanda ya taɓa bar masa ko ɗaya. Na ce, "Baba, wannan naka ne." Na sāke ɗaukar wani don kaina. Takarda 9 ke nan.

Ta goma na yi nufin dalar gyaɗa ce, ko da na san babu. Dā a Kano a kan jera buhunan gyaɗa dubbai a yi tsauni da su, suna jiran jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Ikko. Jirgin ya iso Kano a 1911, ya kai Gusau da Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗar Zamfara ma ta nan ta ke fita. Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya noman, arzikin man fetur kuma ya ɗauke hankalin hukuma, dala ta ɓace. Mai son ganin kamarta ya juya bayan takardar naira 200. Na mai da kyamara cikin jaka, na komo gida da takarda ɗaya.

Abin da na tarar a gida

Da na komo na kai hotunan nan majalisar da mu ke zama da dare, suka yi ta yawo hannu zuwa hannu. Akwai wani tsoho cikinmu, mutumin ƙasar Maradun. Ya duba su ɗaya ɗaya, ya miƙo mini, ya ce, "Ɗana, Kano dai tana da masu tuna ta. Ƙauyenmu fa, wa ya ɗauka?"

Ga abin da ya ke nufi. Daga 1974 zuwa 1978 aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin. Tafkin da ya taru ya rufe wajen hekta 8,000, ya cinye gonaki da ƙauyuka, aka ta da dubban mutane aka sāke musu mazauni. A ƙasa da madatsar kuma, wajen Mafara da Bakura, aka baje gonaki aka sare itatuwa don a haƙa hanyoyin ruwa. Aikin ya kawo shinkafa da noman rani, wannan ba mai musu. Amma rigimar diyya ta yi tsanani, har a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta a wajen Birnin Tudu, mutane da yawa suka rasa rayukansu. Allah ya ji ƙansu.

Tsohon nan yana iya gaya maka inda masallacinsu ya ke, da rijiya, da tsamiyar da a ke cin kasuwa a gindinta. Jikokinsa kuwa ruwa kaɗai su ke gani. A shekarun nan ma ƙauyuka nawa ne a Zamfara mutanensu suka watse saboda 'yan bindiga, ɗakuna suka zube, ciyawa ta rufe hanya? Kano, da yawan baƙinta da masu kyamara, ga abin da ta rasa, ba ta da shi sai a takarda. To, ina ga garin da baƙo ba ya zuwa? In mu ba mu ɗauka ba, ba wanda zai zo ya ɗaukar mana.

Takarda ta goma na ɗauki tsohon nan da ita, zaune a ƙofar zaure. Na juya bayanta na rubuta sunansa, da sunan ƙauyen da ruwa ya ci, da kwanan wata, na ba babban jikansa.

Jama'a, ku da Allah ya ba ku karatu da rubutu, wannan aiki naku ne. Ba sai da kyamarar nan-take ba, don takardarta tana da tsada, wayar da ke aljihunku ta isa. Ku ɗauki masallacin garinku, da ƙofar fada, da kasuwa ran da ta ke ci, da maƙera, da tsofaffinku in sun yarda. Amma kada ku bar su cikin waya, gama waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta. Ku kai a wanke muku a takarda. Ku rubuta a baya ko wane ne, ko ina ne, da rana da wata da shekara, don hoton da ba rubutu kamar baƙo ne da ba ya jin harshen gari, ana ganinsa ba a san daga inda ya fito ba. Sa'an nan ku sa shi cikin littafi, ku ajiye a akwati inda rana da damshi da gara ba za su kai gare shi ba.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa na baya su sami abin da za su gane mu da shi. Amin.