Dutsin Kushewa Ma Littafi Ne

Mu nan Adar, daga Affala har Tawa, ba mu saba yin rubutu bisa kushewa ba. A aza dutsi wajen kai, a yi addu'a, shi ke nan. Bayan jikoki, sunan mamaci ya ɓace.

Amma a Sane, kusa da Gawo ta Mali, an gano wasu duwatsun kushewa a 1939. Ɗaya na sarki Abu Abdullahi Muhammad ne, wanda ya rasu a 1100. Farin dutsi ne daga Almeriya ta Andalus, da rubutun Kufi, raƙuma suka ƙetaro Sahara da shi.

Ni da ke karatun kimiyyar harshe, dutsin sarkin da ya rasu a 1120 ya fi jan hankalina. Sunansa biyu: Umaru ɗan Haɗɗabi, da Yama ɗan Kuma. Ga na Larabci, ga na gida, kamar dai sunan yanka da sunan kira gare mu. Dutsin ya girmi Tarihin Sudan na Sa'adi da shekara sama da 500.

Don Allah, in kun ga dutsi mai rubutu a daji, Larabci ko Tifinag, kar ku bari a fasa shi don tushen gini. In ya fashe, babu kwafi.