Baƙin dutsen Riruwai da ke cinye kuza

1/ Kwan lantarkin nan na da, mai siririn zare a ciki, wanda ake sayarwa a kasuwar Bagwai kafin zuwan masu farin haske: zaren nan tungustan ne. Ni sai a aji biyu na jami'a na san cewa akwai dutsensa a jiharmu ta Kano. Ku biyo ni.

2/ Riruwai, ƙaramar hukumar Doguwa. Tun kafin Turawa, maƙeran can suna narka kuza su zuba ta sirara kamar tsinke, fatake su kai kasuwa. Da kamfanonin Ingila suka shigo a farkon ƙarni na 20, sana'ar ta mutu, jikokin masu ita suka koma lebura.

3/ To a jijiyar dutsen Riruwai, kuza ba ita kaɗai ba ce. Akwai wani baƙin dutse mai sheƙi, wulfuramait. Masu haƙa a Jamus sun tsane shi tun ƙarni na 16, wai yana cinye musu kuza a tukunyar narki kamar kyarkeci ya samu tunkiya. Daga nan sunan ya fito.

4/ Matsalar nauyi ce. Shi da kuza duk sun ninka ruwa wajen sau 7, don haka ko ka wanke a kwarya tare za su zauna a ƙasa. Sai da maganaɗisu ake raba su, saboda ƙarfen da ke jikinsa.

5/ Cikinsa fa abin kallo ne. Kowace ƙwayar tungustan tana zaune tsakiyar ƙwayoyin oksijin 6, sun jeru sarƙa-sarƙa a karkace. Kusa da su wata sarƙar, ta ƙarfe ko manganis, wanda duk ya samu wuri ya zauna. Shi ya sa in ka fasa shi yake tsagewa fale-fale ta fuska ɗaya.

6/ A 1783 wasu 'yan'uwa biyu a Sifaniya, su Elhuyar, suka fitar da tungustan daga cikinsa. Ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3,422. Sharar jiya ta zama kayan harsashi da bakin injin yanka ƙarfe.

7/ 1942, Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa babbar rijiyar kuzarta. Sai ta juyo kanmu: aikin tilas a filayen haƙa na Jos har 1944, aka kwaso talakawa daga lardunan Arewa, sanyi da yunwa suka kashe da yawa. Wannan ba a koya mana shi a firamare ba.

8/ Abin mamaki, a Malayar nan, a mahaƙar Kramat Pulai, aka fara gano wani ɗan'uwansa ruwan ɗorawa, inda tungustan ya haɗu da itiriyam, ɗaya daga ma'adinan nan da ba kasafai ba waɗanda Sin da Amurka ke rigima a kansu yau.

9/ Abokina da ya tafi haƙa bara, a buhu yake sayar da abin da ya tono. Na tambaye shi sunan dutsen, ya ce mai saye ne ya sani.