Kududdufi, Jaki da Duba-gari: Yadda Magabata Suka Zauna da Ruwan Damina

A ƙarshen unguwarmu a Danja akwai wani kududdufi wanda kakana ya ce daga cikinsa aka haƙo ƙasar da aka gina rabin gidajenmu. Yau an cike shi da shara, an yanka filaye a kansa. Tun daga nan, ruwan Agusta ba ya wucewa sai ya shigo mana zaure. Wannan ne ya sa na waiwayi tarihi.

Magabata sun dogara da abubuwa uku. Na farko kududdufi: ramin da ya ba da ƙasar gini shi ne kuma ke shanye ruwan unguwa. Na biyu jaki da mangala. Sharar da, toka ce da kashin dabbobi da ɓawon hatsi, don haka da rani manoma ke kwashe juji zuwa gona a matsayin taki. A karkarar Kano har sayensa ake yi. Na uku hukuma: a zamanin En'e duba-gari na shiga gida gida yana leƙa randa da kwata, mai unguwa kuma na kiran gayya a yashe lambatu.

Gwamnatin soja ta Janar Buhari ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, ta shigar da tsaftar muhalli cikinsa a 1985. An yi shara, amma da yawa don tsoron bulala suka yi. Sannan leda ta mamaye gari. Ba ta ruɓewa, manomi ba ya son ta a gonarsa, sai juji ya rasa mai ɗauka, ya gangara cikin magudana.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. A Yulin 2018 ambaliya ta hallaka fiye da mutum 40 a Jibiya, a 2022 kuma ruwa ya lalata dukiya mai yawa a Kantin Kwari ta Kano. Ƙarfin ruwan sama na da nasa kaso, amma toshe masa hanya aikinmu ne.

Ba jaki nake kira a dawo da shi ba. Roƙona ga masu unguwanni shi ne su hana gini a kan kududdufan da suka rage, a ware leda daga sharar taki, a kuma kira gayya kafin ruwan shuka ya sauka. Da ma an ce rigakafi ya fi magani.