Daga Dutsen Bagzan zuwa Kasuwar Madarunfa: Tarihin Takalmi

Madarunfa ƙasar tabki ce da fadama, ba ƙasar tuddai ba. Amma duk da haka tarihin takalmin da mutanenta suka gada yana haɗe da tsaunukan Azbin, inda Idukal-n-Tagas, a kan dutsen Bagzan, ya kai tsayin mita 2,022, ya zarce kowane tudu a ƙasar Nijar. Daga waɗannan duwatsu ne ayarin Abzinawa ke gangarowa ƙasar Hausa da gishirin Bilma da dabino, su koma da gero da tufafi da kayan fata. Matafiyin da zai taka tsakuwa da rairayi mai zafi wata da watanni, ba ya wasa da abin da ke ƙarƙashin tafin ƙafarsa.

Wannan buƙata tana cikin abubuwan da suka raya sana'o'i biyu: jima da dukanci. Majemi yakan gyara fata da toka da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, sa'an nan baduku ya yanka ya ɗinka. Fatar saniya mai kauri ita ke zama ƙasan fade, ta akuya kuwa a yi maɗauri da ado. Jar akuyar Maraɗi da Sakkwato ta yi suna tun da daɗewa. Fatarta takan ƙetare Sahara ta isa Turai ta hannun fataken Arewacin Afirka, can kuma a kira ta fatar Maroko, sunan masu ita ya ɓace a hanya. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya ratsa Azbin a 1850, ya bi ta Tasawa da Gazawa da Katsina, ya shiga Kano a 1851, ya lissafa takalma cikin manyan kayan da birnin ke fitarwa zuwa nesa.

A Turai ma dutse ya koyar da masu takalmi. A 1935 wasu mahaya tsauni shida, abokan wani Ba'italiye mai suna Vitale Bramani, suka halaka a tsaunukan Alp, aka kuma ɗora wani ɓangare na laifin a kan takalman da suka sa. Bayan shekara biyu ya fito da ƙasan takalmi na roba mai haƙora, ya sa masa suna Vibram. A Jamus kuma ƴan'uwa biyu, Rudolf da Adolf Dassler, suka raba gari: na farko ya kafa Puma a 1948, na biyu Adidas a 1949. Su ma daga ƙaramin wurin ɗinki suka faro, kamar kowane baduku. Abin da ya bambanta su shi ne sun rubuta sunansu a jikin aikinsu, sun kare shi da doka, sun ɗaura shi a ƙafar zakarun wasanni.

A yau, a kasuwannin Madarunfa da Ɗan Isa, silifa na roba da kambas na gwanjo sun fi fade yawa, domin sun fi araha kuma ba su tsoron damina. Ba laifin mai saye ba ne: talaka da aljihunsa yake shawara. Hasarar tana wani wuri. Fata na fita ƙasar ba a sarrafa ta ba, ƴaƴan dukawa na barin rumfar iyayensu, kuma duk tsohon da ya rasu yakan tafi da sunayen ɗinki da na kayan aiki waɗanda ba a rubuta ba.

Nan ne malamai da ƙungiyoyin raya al'adu ke da aiki. Ɗalibin da aka tura rumfar baduku da alƙalami da takarda zai dawo da kalmomi, da tarihin zuriya, da sanin cewa garinsu ya taɓa yi wa matafiyan Sahara takalmi. Irin wannan aiki ba ya jiran kuɗi daga waje, dattawan da za a tambaya ne kawai ba za su daɗe suna jira ba.