Tarihin Allurar Rigakafin Taifot ga Yara

Rigakafin zazzaɓin taifot ya girmi na shan inna da na ƙyanda nesa ba kusa ba. Tun a 1896 Almroth Wright a Ingila, da Richard Pfeiffer da Wilhelm Kolle a Jamus, suka haɗa shi daga matattun ƙwayoyin cutar. Sojoji ne suka fi cin moriyarsa, duk da zazzaɓi da kumburin hannun da yake sawa. Yaran da ke shan ruwan rijiyar da masai ke tsiyaya cikinta, su da cutar ta fi kwantarwa, sai da suka jira fiye da shekara ɗari.

Nau'o'in da suka biyo baya ba su share musu hawaye ba. Ɗaya ƙwaya ce da ƙaramin yaro ba ya iya haɗiyewa, ɗayan kuma allura ce da ba ta kama jikin wanda bai kai shekara 2 ba.

Dabarar da ta warware matsalar ita ce ɗaure sinadarin da ke lulluɓe da ƙwayar cutar a jikin wani furotin da garkuwar jariri ke saurin ganewa. Da ita kamfanin Bharat Biotech na Indiya ya samar da Typbar-TCV, allura guda tak da ake iya yi wa ɗan wata 6. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da ita.

Gwajin allurar da aka yi a Malawi ya cancanci yabo. A unguwannin Ndirande da Zingwangwa na Blantyre aka yi wa yara sama da 28,000 allura: rabi ta taifot, rabi ta sanƙarau, don kada wani ya koma gida hannu rabbana. Yaron da zazzaɓi ya kama, sai a ɗebi jininsa a rena a ɗakin bincike, a gani ko taifot ne da gaske. Allurar ta rage kamuwa da kusan kashi 80 cikin 100, kuma bayan shekara 4 kariyar tana nan daram. Sakamakon irin wannan gwaji a Nepal ya yi daidai da wannan.

Pakistan ce ta fara saka ta cikin rigakafin yau da kullum a 2019, lokacin da taifot mai bijire wa magunguna ya addabi lardin Sindh. Laberiya ta zama ta farko a Afirka a 2021.

Wani bincike a Bangladesh kuwa ya nuna kariyar kan ragu bayan shekara 3 zuwa 5, musamman ga waɗanda aka yi wa kafin su cika shekara 2, shi ya sa masana suka fara duba yiwuwar ƙara musu allura ta biyu kafin shiga makaranta.