Majanyi da Mashi: Mata a Binciken Asalin Ɗan Adam

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, da maharbi ya buɗe. Ya ce Barbushe daga zuriyar Dala yake, ya kuma siffanta wani ƙaƙƙarfan mutum mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Daga nan sai Bagauda, sai jerin sarakuna da yaƙoƙinsu. Tambayar da ta dame ni ita ce: a ranakun da ba a kashe giwa ba, me mutanen Dala suke ci, kuma wa yake kawo shi?

Masanan Turai da Amurka ma sun daɗe ba su yi wannan tambaya ba. A 1966 sun yi babban taro a Chicago wanda sunansa ke nufin "Namiji Maharbi", aka buga takardunsa a 1968. Ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne farauta ce ta haifar da wayo da makami da haɗin kai, wato ita ta mai da mutum mutum. Amma a cikin littafin nan, Richard Lee ya nuna cewa a wajen mutanen !Kung na hamadar Kalahari, kusan kashi biyu cikin uku na abinci tsirrai ne da 'ya'yan itatuwa, kuma galibi mata ke tattaro su. Hujja tana hannu, idon da zai gan ta ne babu.

Mata masu bincike ne suka ɗauki hujjar. A 1975 maƙalar Sally Slocum kan "Mace Mai Tattarawa" ta yaɗu, inda ta ce mai yiwuwa kayan aikin farko abin goyo ne da mazubin abinci. A 1976 Nancy Tanner da Adrienne Zihlman suka faɗaɗa wannan tunani, suka sa uwa da ɗanta a tsakiyar labarin. A ganina babban darasinsu ya shafi hanyar bincike: dutse da ƙashi suna jure zamani, fata da ƙwarya da igiya kuwa gara ce ke cinye su. Wanda ya rubuta tarihi da abin da ya saura kawai zai ga mashi, majanyi ya ɓace masa.

Wasu matan kuma ƙasa suka tona. Mary Leakey ce ta gano ƙoƙon kan nan na Olduvai a Tanzaniya a 1959, kuma ayarinta ne ya bankaɗo sawun ƙafafu na Laetoli a 1978, masu shekara kimanin miliyan 3.6. A 1987 Rebecca Cann da abokan aikinta biyu suka bi gadon ƙwayoyin halitta da ake karɓa ta wajen uwa kaɗai, suka kai shi ga wata mace da ta rayu a Afirka kimanin shekara 200,000 da suka wuce. 'Yan jarida sun laƙaba mata sunan Hauwa'u, ko da yake binciken bai ce ita kaɗai ce mace a zamaninta ba.

Mutumin karkarar arewacin Kano ba ya bukatar zuwa Kalahari kafin ya fahimci wannan muhawara. Daga Ungogo zuwa Minjibir, Bichi da Ɗambatta, gona na manne da gona, daji ya ƙare, farauta ta zama wasan rani. Tattarawa kuwa tana nan: kalwar ɗorawa da ake dafawa ta zama daddawa, ganyen kuka, tsamiya, lalo, tafasa da yaɗiya. Tsofaffin mata da 'yan mata ke tsinko yawancinsu, matan aure su sarrafa a cikin gida. A shekarar fari waɗannan ne ke riƙe da rai kafin kaka. Duk da haka littafin tarihinmu bai lissafa wannan aiki ba.

Su wa suka fara rubuta shi? Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, littafin ya fito a 1954. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa da kuma Ɗorayi ta Kano, ta nuna a 1969 cewa akwai babban ciniki da matan kulle ke yi ta hannun yara, wanda mai ƙirga rumfunan kasuwa ba zai gani ba. Anne Haour kuma ta yi tono a Kufan Kanawa da ke yankin Damagaram, inda ruwayar baka ke cewa Kanawa sun taɓa zama, ta dogara ƙwarai da tsingaron tukwane, ta buga sakamakon a 2003.

Ba na goyon bayan a ture tatsuniyar maharbi a kafa ta mai tattarawa a gurbinta. A 2020 an ba da rahoton kabarin wata mace a Peru, mai shekara kimanin 9,000, an binne ta da kayan farauta. Rabon aikin da muka sani yau ba lallai ne ya zama na fil'azal ba. Abin da nake nema shi ne a riƙa tambayar kowace shaida: aikin wa ta nuna, na wa ta ɓoye?

Lokaci kuwa ba ya jira. Garma na farfasa tsingaro a kufai, gine-gine na cinye gonakin gefen birni, injin niƙa ya kori dutse, tsofaffin da suka san sunan kowane ganye suna ƙarewa. Al'ada ba ta barin baƙon namiji ya wuce zaure, ɗaliba kuwa har ɗaki za ta shiga. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana koyar da ilimin tonon kufai. Ina fata 'yan matan Bichi da Ɗambatta su nemi gurbi a can, domin rabin tarihin Kano yana cikin gida, kuma su ne ke da izinin shiga.